Karatun Sakandare ta Intanet da Matasa Masu Goyo a Amurka

A Amurka, yarinyar da ta haihu tana tsakiyar karatun sakandare ba ta cika kaiwa ƙarshensa ba. Alƙaluman da hukumar lafiya ta CDC ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna cewa kusan rabin irin waɗannan 'yan mata ne kawai ke samun takardar kammalawa zuwa lokacin da suka kai shekara 22, alhali tara cikin goma na takwarorinsu da ba su haihu da wuri ba suna samu. Ba doka ce ta kore su ba. Tun 1972 dokar Title IX ta haramta bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma ƙa'idojinta sun wajabta a karɓi uzurin mai ciki da mai jego muddin likita ya tabbatar da buƙatar hakan. Lokaci ne ke korar su. Makaranta na so a zo da sassafe a wuni, jariri kuwa bai san da jadawali ba. Ga awo, ga rigakafi, ga daren da aka kwana ido biyu, ga kuɗin raino wanda a jihohi da dama ya fi kuɗin jami'ar gwamnati. Saurayin da ya zama uba kuma, neman abin masarufi ke janye shi.

Wannan ne ya sa makarantun intanet suka samu karɓuwa a wurinsu. Jihar Florida ta buɗe tata tun 1997, wasu jihohi suka biyo baya, sannan kullen korona na 2020 ya sa kowane gida ya saba da darasi ta kwamfuta. Amfaninsu a fili yake: uwa na iya sauraron darasi bayan yaro ya yi barci, ta maimaita inda ya shige mata duhu, ta cike darussan da suka rage mata ba tare da ta maimaita aji ba, kuma ta huta da kallon da ake bin ta da shi a harabar makaranta.

Sai dai sakamakon bai kai yadda ake tallatawa ba. A 2015 cibiyar CREDO ta Jami'ar Stanford ta binciki makarantun intanet masu cin gashin kansu da kuɗin gwamnati, ta gano cewa koma-bayan ɗalibansu a shekara guda ya kai kwatankwacin kwana 72 a karatu, da kwana 180 a lissafi, wato kamar ba su taɓa lissafin ba duk shekarar. A Ohio kuma, makarantar intanet ta ECOT ta rufe a farkon 2018 bayan hukuma ta nemi ta mayar da miliyoyin daloli na ɗaliban da ta kasa tabbatar da cewa suna karatun. Masu kare tsarin za su ce waɗannan yara dama da rauninsu suka zo, kuma binciken ba a kan masu goyo aka yi shi ba. Maganar farko ba ta da ƙarfi, domin da yara masu irin halinsu da irin makinsu aka gwada su. Ta biyun gaskiya ce, amma ƙara mini damuwa take yi. Karatun intanet na buƙatar nutsuwa da wanda zai riƙa bibiya, kuma mai jego 'yar shekara 16 ita ce ta fi kowa rashin su. Kwamfuta ta sassauta mata lokaci, amma ba ta karɓe mata yaron ba, kuma taura biyu ba ta taunuwa.

Babban haɗarin shi ne tsarin ya zama hanyar sallamar yarinya cikin ruwan sanyi. Shugaban makarantar da ba ya son ganin ciki a aji zai iya cewa ta koma gida ta yi ta intanet, a rubuta cewa ba ta daina karatu ba, kowa ya manta da ita. An taɓa ganin irin wannan: birnin New York ya rufe makarantunsa na musamman na masu ciki a 2007, saboda karatun cikinsu ya yi rauni ƙwarai. Abin da birnin ya riƙe shi ne shirin LYFE, wanda ke raino kyauta a cikin makarantu yayin da iyayen ke aji, kuma a ganina nan ne aka taɓo ainihin ciwon.

Saboda haka intanet na da gurbinsa, musamman a watannin ƙarshe na ciki da lokacin jego, ko ga wadda ke nesa da makaranta. Amma dole ya kasance zaɓinta ne, kamar yadda ƙa'idojin Title IX suka tanada, da malami guda da ya san sunanta yana kiran ta idan ta yi shiru, da wurin ajiye yaro, da ƙofar komawa aji a buɗe. Makarantar da ta miƙa wa mai goyo kwamfuta kaɗai ba ta sauke nauyin da ke kanta ba.