Babur Marar Ƙara a Birnin Gwari

Akwai wata rumfar kwano a Birnin Gwari da baƙin mai ya rine ƙasarta, inda ake gyaran babura. Da safe Boxer ne ke cika wurin: wannan kulocinsa ya ƙone, wancan sarƙa ta tsinke masa a hanyar Randagi. Sai bayan la'asar, idan aiki ya lafa, babban yaron garejin ke jawo abin da ya hana shi barci daga ƙarƙashin benci.

Ƙafafu biyu ne na wani allon wasan yara mai lantarki da ya tsinto a Panteka ta Kaduna, ya ɗaura su gefe da gefe a jikin ƙarfen da mai walda ya haɗa masa. Batirin kuwa ƙwayoyin tsofaffin batiran laftof ne, ya naɗe da baƙin salatef. Burinsa abin ya tsaya da kansa, mahayi bai sa ƙafa a ƙasa ba.

Da na tambaye shi yadda hakan zai yiwu, bai ce komai ba. Ya ɗauki sanda ya tsayar a tafin hannu. Ta karkata gaba, ya bi ta da hannun, ta dawo.

"Yallaɓai, iyakar sirrin ke nan. Akwai 'yar na'ura da ke jin karkata, ita ke gaya wa mota ta kai ƙafa ƙarƙashin faɗuwar. Sai dai tawa kan makara."

Ta kuwa makara a gabana. Abin ya yi rawa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, ya yi ƙoƙarin gyara tsayuwa har ya wuce gona da iri, ya rungumi bokitin wankin filogi. Maigidan garejin ko ɗaga kai bai yi ba.

Manya ma sun sha ƙasa a wannan fage. A Disambar 2001 Dean Kamen ya fito da Segway a Amurka, ana ta kirarin zai sauya fasalin birane. A 2020 aka daina ƙera shi, bayan an sayar da kimanin 140,000 kacal. Wani ƙaramin kamfani a San Francisco, Lit Motors, ya ɗauko mafi wuya tun 2010: ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, da faya-fayai masu nauyi suna juyawa a ciki don hana faɗuwa, kamar yadda katantanwar yara ke tsayawa muddin tana juyi. Fiye da shekara goma ana gwaji, bai shiga kasuwa ba.

Ni dai a ganina tsayuwa ba ta cikin abin da ya dami Birnin Gwari. Wanda ya ga ɗan acaɓa ya ɗora buhun masara biyu da mace mai goyo, ya ratsa yashi da damina bai tangaɗa ba, ya san an gama wannan darasi tuntuni. Mai ne matsalar. A 2021 gwamnatin El-Rufa'i ta hana sayar da fetur a jarka a nan, ta katse layukan waya, ta hana hawan babur, duk don a toshe wa 'yan bindigar dajin Kamuku hanya, kuma manomi ya sha wuyar dokar daidai da ɓarawo. A Mayun 2023 aka cire tallafi, lita ta ninka kusan sau uku. Babur ɗin da zai sha rana maimakon fetur, irin yadda Mustapha Gajibo ke mayar da ƙananan bas zuwa masu lantarki a Maiduguri, shi ne abin da maigidan ke so yaron ya ƙera. Kullum sai ya faɗa masa, kullum yaron ya ce to, ya koma kan sandarsa.

Wani dattijo da ya kawo facin taya ya daɗe yana kallo. Daga wani ƙauye ya yi gudun hijira, kuma ko da aka yi sulhu da 'yan bindigar aka sake buɗe kasuwar kara a Nuwambar 2024, bai koma ba. Da aka tayar da abin ya gangara zuwa bakin kwata, sai ya karkata kunne.

"Yaro, ba ya ƙara?"

"Ko kaɗan, Baba. Nan ne ma daɗinsa."

Dattijon ya yi shiru, yana murza bakin tayarsa.

"Mu a garinmu ƙarar ce ta fitar da mu. Tun suna bayan rafi muka ji su, muka kwashi yara."

Yaron ya kashe makunni. Mai faci ya miƙo tayar, dattijon ya ƙirga canjinsa sau biyu, ya rataya ta a kafaɗa.