Sabis a Cike, Shafi Ya Ƙi Buɗewa

A Birnin Gwari idan intanet ya tsaya, ba wanda ke fara zargin na'urarsa. Daji ake kallo. Mutanen garin suna da hujjarsu: a ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta sa aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Kaduna saboda 'yan bindiga, har da Birnin Gwari, ba a maido ba sai ƙarshen Nuwamba. Ko babu umarnin gwamnati, ƙarfen sabis dizal yake sha, motar dizal kuwa sai ta biyo titin Kaduna ta Buruku da Udawa, titin da a shekarun baya direba ba ya hawa sai ya nemi gafarar iyalinsa. Shi ya sa da yayata ta kira ni kan intanet ɗin gidanta, ta riga ta yanke hukunci: "Auta, ƙarfen ne. Ko mai ya ƙare musu, ko an taɓa shi."

Malamar makaranta ce, tana ƙaro karatu daga gida, sai da daddare take samun sukunin buɗe kwamfuta. Abin da suke amfani da shi rauta ce irin mai sim, an ɗora ta a kan taga, tana shan wuta daga batirin sola. Ciwon nata kuma mai ban haushi ne. Fitilun sabis duk a kunne, 4G ɓaro-ɓaro. Saƙon WhatsApp yana tafiya, ko da ya ɗan yi nawa. Amma ka buɗe shafi sai allo ya yi fari fat, ɗan da'irar nan ta yi ta juyi har ta gaji. Ka sake dannawa, wani lokaci rubutu ya fito babu hotuna, wani lokaci ko rubutun babu. Da safe lafiya lau. Wasu dararen ma lafiya lau, har ka manta an taɓa samun matsala.

Ƙarfen sabis ne ya fi sauƙin wankewa. Daren da na je, abin na cikin yi, sai na cire wayata daga waifai ɗin gidan na kunna datar kaina, layin kamfani ɗaya da na rautar, a falo ɗaya. Shafin ya buɗe nan take. Wannan ɗan gwajin ya sallami ƙarfen, ya sallami wayar ƙarƙashin ƙasa da ke kai sabis Kaduna, har da na ƙarƙashin teku. Na ambaci teku ne saboda mijin Yaya ya tuno ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin MainOne, WACS, SAT-3 da ACE suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice. Amma wancan kowa ya taɓa, daga Legas har Abijan. Wannan kuwa gida ɗaya ya zaɓa.

Sai wuta. Batirin sola idan ya tsufa yakan yi sanyi da dare, rauta ta riƙa mutuwa tana tashi ba a lura ba. Na shiga shafinta na ciki, wanda adireshinsa ke rubuce a jikin takardar da aka manna mata a gindi, na duba tsawon lokacin da ta yi a kunne. Kwana da kwanaki ba ta ko ƙifta ba.

Zargi na uku shi ne wanda duk mai gyara zai kawo. Kafin shafi ya buɗe, sai na'urarka ta tambayi wata ma'ajiya lambar da ke bayan sunan shafin, abin da ake kira DNS. Idan ma'ajiyar kamfanin layi na ciwo, haka alamun suke: saƙo na tafiya, shafi na tsaye. Na sauya ta da ta Google, 8.8.8.8. Washegari komai ya tafi daidai, jibi ma haka, Yaya har da sa albarka. Mako bai zagayo ba ta sake kira.

Daga nan na bar taɓa na'ura, na sa babbar 'yarta ta ware shafi a bayan littafin makaranta, duk sanda abin ya tsaya ta rubuta rana da lokaci. Rubutun yarinyar ya yi abin da ilimina bai yi ba. Matsalar ta fi taruwa a daren ranar kasuwa da daren da ke biye, kullum bayan magariba. Kuma a cikin daren ma tana da hutu: wajen sallar isha'i sai ta sake, bayan kamar awa guda ta dawo.

"To ka gani," in ji Yaya, "baƙi ne suka cika gari suka danne sabis."

Maganarta da ƙamshin gaskiya. Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe Karar Birnin Gwari a Nuwamban 2024, bayan sulhun da aka yi da mutanen daji, ranar kasuwa garin kan cika da fatake da tireloli, kowa da waya a hannu. Sai dai cunkoson da rana ake yin sa, matsalar kuma ta dare ce. Sannan baƙi ba su da dalilin tausaya wa wayata su danne rautar Yaya kaɗai. Wane irin cunkoso ne kuma yake zuwa masallaci ya dawo?

Na daidaita zuwana na gaba da ranar kasuwa. Akwai ɗan umarni a kwamfuta, ping, da ke jefa ƙaramin saƙo ya auna lokacin da zai je ya dawo. Tsakanin kwamfutar da rauta, ƙiftawa ce, ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa, ko ana cikin matsalar. Wato iskar cikin gida ba ta da laifi. Zuwa waje kuwa, da la'asar bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Ana idar da magariba na ga lambobin suna hawa a idona, har saƙo ɗaya ya riƙa cin daƙiƙa biyu, uku, wani ma ya tafi ke nan. Cushewar tana tsakanin rauta da ƙarfe, a bakin ƙofar gidan.

Na koma shafin rautar, wannan karon wajen lissafin data. Dama Yaya ta daɗe tana faɗa da yara kan datar wata da ba ta kai wata, ta ce finafinai suke kallo a ɓoye. Gidan da ake kallon fim, abin da ke shigowa ya ninka abin da ke fita sau da yawa. A nan abin da ya fita ya fi wanda ya shigo. Wani a gidan yana aika kaya mai nauyi waje.

Na tara wayoyin falo a kan tabarma, muna kashe waifai ɗinsu ɗaya bayan ɗaya ina kallon lambobin. Ta Yaya, ta maigida, ta yara, har tawa. Ba abin da ya sauya. A jerin na'urorin da ke jone saura guda, mai suna irin na kamfani, haruffa da lambobi, ba wanda ya san ta. Ƙaramin yaron ne ya ce, "Kawu, ko ta Baffa ce? Tana caji a soro."

Baffan nasu ƙanin maigidan ne, dillali a Kara. Cinikin shanu yanzu ya hau waya: zai zagaye bijimi da kyamara, ya nuna tozo, ya buɗe baki a ga haƙora, ya sa a kora shi a ga tafiyarsa, ya tura wa mai saye a Legas ko Ibadan. Ranar kasuwa yakan ɗauki irin wannan da dama. Bidiyon minti ɗaya mai kyan hoto kan iya haura megabait 100. Wanda ya saita masa sabuwar wayar ya kunna ajiye hotuna a intanet, ya zaɓi kada ta yi sai ta samu waifai, don a tausaya wa datarsa. Sai ya shigo da magariba ya jona caji, wayar ta gane waifai ɗin gidan yayansa, ta fara kwashe shanun yini guda tana turawa. In ya zare ta ya tafi masallaci da majalisa, gida ya huta.

Layin waya ba a raba shi daidai ba, hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci. Idan fitar megabit ɗaya ce a daƙiƙa, gigabait guda sai ya ci fiye da awa biyu. Rautar kuma ba ta zubar da abin da ya yi mata yawa, jera shi take a dogon layi, duk wanda ya zo ya bi baya, kamar mai babur da ya tarar da tirelolin shanu a bakin siririyar gada. Buɗe shafi ɗaya kuwa tambayoyi ne da yawa, a nemi lamba, a gaisa da uwar garke, a tabbatar da tsaro, a roƙi kowane hoto, kowace tambaya sai ta bi layin nan. Burauza ta gaji da jira ta haƙura. WhatsApp ya riga ya buɗe hanyarsa ya riƙe, saƙonsa ɗan mitsitsi ne, jinkirin daƙiƙa uku ba ya kashe shi. Wani injiniya a Amurka, Jim Gettys, ya bi diddigin wannan cutar a 2010, shi ma a intanet ɗin gidansa ya gano ta yana tura manyan fayiloli.

Na kashe waifai ɗin wayar soro. Kafin na dawo falo lambobin sun sauko, shafin makarantar Yaya ya buɗe da hotunansa.

Rautar ba ta da wurin ƙayyade wa kowace waya rabonta, don haka muka cire babban fayil ɗin bidiyon shanu daga abin da ake ajiyewa, sauran kuma sai da asuba zai kunna da hannunsa. Da Baffa ya shigo aka yi masa bayani, ya rantse bai taɓa danna komai ba, kuma gaskiyarsa ce. Yaya dai ba ta saurara masa ba, dama ƙanin miji abokin wasa ne.

"Sarkin dillalai, ashe shanunka ke kwana suna kiwo a datata. Na wannan watan daga la'adarka za ta fito."

"Haba matar Yaya, bijimin ma ba a saya ba," in ji shi. "Mutumin Ibadan cewa ya yi in sake ɗauko masa ta ɗaya gefen."