Salula a kasuwa: hoton rasit ba kuɗi ba ne

A shekarar 2008, lokacin da Celtel ta koma Zain, yawancinmu kira kawai muke yi da salula, shi ma a gaggauce don kada kuɗi su ƙare. Yau mai albasa a Galmi yana jin farashin kasuwar Katako ta Yamai bai hau mota ba. Hajiya mai atamfa a Maraɗi kuwa, ko ba ta yi boko ba, sai ta ɗauki hoton turmi, ta danna WhatsApp ta yi magana, ciniki ya faɗa har Damagaram.

To amma ɓarayi ma sun waye. Mutum zai turo hoton rasit na Nita ko Al Izza, ya ce: "Hajiya, na tura, a ɗora kaya a mota." Alhali canza suna da adadi a jikin hoto aikin ɗan lokaci ne ga yaron da ya iya waya, jaka biyar ta koma jaka hamsin.

Shawararmu, kada kaya su bar shago sai kuɗi sun shiga hannu, ko ma'aikacin wurin ya tabbatar da lambar. Mai gaggawar banza, a bar shi ya jira.