Ƙurar da Ta Bi Maza Gida

A farkon shekarar 2010 agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan Zamfara, ba wanda ya kula. Ba a jima ba abin ya koma kan yara ƙanana: amai, ciwon ciki, sai jijjiga, sai rai ya yi halinsa. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ji labarin yawan mutuwar yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Aka gwada maganin zazzaɓin cizon sauro, aka gwada na sanƙarau, duk a banza. Sai da aka aika jinin yaran Turai sannan gaskiya ta fito. Gubar dalma ce.

Asalin abin sana'a ce ta halal. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya, manoma suka ga dutsen da ke ƙasarsu ya fi gero kawo kuɗi. Sai dai dutsen da aka faɗa wa a lokacin cike yake da dalma. Maza su haƙo shi a daji, su ɗauro a buhuna zuwa gari. A farfasa shi da guduma, a zuba a injin niƙa irin wanda ake niƙa hatsi da shi, a wanke garin, a kama zinaren da zaiba. Aiki mai yawa a tsakar gida ake yin sa, domin matan kulle su ma su samu nasu rabon. Suna daka dutse a turmi da goyo a bayansu, ana shanya garin inda yara ke rarrafe. Mazan da ke aiki a waje kuwa su dawo da ƙurar a riga da gashin kai, yaro ya ruga ya rungume su.

A watan Mayu masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka bi gida-gida a ƙauyukan Dareta da Yargalma. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Na'urar gwajin jini da aka zo da ita tana tsayawa ne a ma'auni 65, jinin yara da yawa ya wuce inda take iya karantawa. A wasu wuraren dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali a lokacin 400 ne iyakar da Amurka ta yarda da ita a filin wasan yara. An ƙiyasta yaran da suka rasu sun kai 400, ban da waɗanda gubar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa har abada.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu ɗaya cikin yaran nan da aka ɗauka aiki. Mun saba idan lebura ya ji rauni mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mu shafa fatiha mu tashi. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma inda za a kafa inji shawarar mai inji ce, kuma shi zai amsa tambaya a kanta.

Akwai magani mai fitar da dalma daga jini, amma ba shi da amfani idan yaro zai koma gidan da ya kwashi gubar. Don haka sai da aka kankare ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya, aka binne ta a ramuka, aka zuba sabuwa, bisa jagorancin kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith. Sarakuna suka sa baki aka fitar da niƙan dutse bayan gari. An gama ƙauyuka bakwai, Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗi da yara kusan 1,500 cikin haɗari. Sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka tayar da ƙura a intanet kafin gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a farkon 2013.

Mutumin Kankia ko Kusada a jihar Katsina zai iya cewa wannan matsalar masu zinare ce. To, ya dubi bakin titin Kano zuwa Katsina. Mai gyaran batirin mota da dalmar nan yake aiki, yana narka ta, yaran shagonsa na shaƙar hayaƙin, sannan su ci abinci ba su wanke hannu ba. Haka ma manomin Kusada da ya ɗauki yaro feshin maganin ciyawa yakan miƙa masa tankin goyo ba takunkumi ba safar hannu, da yamma kuma rigar feshin ta shiga wanki ɗaya da kayan jarirai. Ubangidan da ya tanadi ruwa da sabulu, ya ware rigar aiki da ba ta barin shago, ya hana ci a wurin aiki, bai kashe kuɗin da ya kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

A 2015 annobar ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. A wannan karon MSF da ƙungiyar OK International suka zauna da masu haƙar da masu injina a yankin Shikira. Ba a ce su bar sana'arsu ba, domin an ga hani ba ya hana mai neman abinci, sai dai ya sa shi ɓuya. Aka ɗaura wa injinan bututun da ke fesa ruwa kan dutsen yayin niƙa, aka yi wurin wanka da sauya tufafi kafin a tafi gida. Da aka auna iskar da ma'aikatan ke shaƙa, dalmar cikinta ta ragu da kashi 95 cikin ɗari, ta cikin jininsu kuma ta sauka da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2022 MSF ta miƙa aikin Zamfara ga hukumomin jihar, bayan ta yi wa dubban yara magani.