Hatsin kakanninmu ya ƙara sauri: abin da masu binciken gado suka gano cikin irin manoma

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan ƙasar Dawce cikin watan Oktoba ya san wannan aiki: maigida yana zaune bakin rumbu, dammunan hatsi a gabansa, yana zaro zangarniya ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Wadda ta cika ido tun daga gindi har baki, murzuna ba ta sassaƙe ta ba, domana ba ta taɓa ta ba, sai ya aje ta gefe. Saura a zuba rumbu, cimaka ce. Waɗanda aka aje gefe kuwa a ɗaure su dabam, a kai su inda hannun yara da na uwargida ba ya kaiwa. Iri ke nan.

Babu wanda ya taɓa kiran wannan aiki da sunan bincike. Amma masana ilimin gado, wato masu nazarin yadda halitta take miƙa kamanninta ga ƴaƴanta, sun auna sakamakonsa a nan ƙasarmu ta Nijar, kuma abin da suka gano ya cancanci ya kai kunnen kowane manomi da kowane malamin gona.

Labarin ya faro a shekarar 1976, shekara uku bayan babban farin 1973. A wannan shekara ma'aikatan ORSTOM, wata ma'aikatar bincike ta ƙasar Faransa wadda tun 1998 ake kira IRD, suka zagaya ƙasar noma ta Nijar tun daga bakin kogin Isa har gabas mai nisa. Ƙauyen da suka sauka sai su roƙi manoma ɗan irin hatsi da na dawa, su rubuta sunan da ake kiransa da shi da sunan garin. Aka ɗauki irin nan aka adana shi cikin ɗakin sanyi a Faransa, inda ƙwaya take kwana shekaru ba ta mutu ba.

Shekara 27 bayan haka, a 2003, wata tawaga ta sake ɗaukar hanya. A wannan karo akwai masanan IRD, da na INRAN, ma'aikatarmu ta binciken aikin gona wadda aka kafa a 1975, da na jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da na ICRISAT. Suka koma ƙauyuka 79 daga cikin waɗanda aka ziyarta da farko, suka sake karɓar iri. Tsakanin zuwan farko da na biyu ƙasa ta sha wuya: an yi farin 1984, shekarar da mutanenmu suke kira El Buhari, damina ta gajarta, kuma iyakar ruwan da a da yake isar manomi ta janye zuwa kudu da nisan fiye da kilomita 100. Tambayar masanan ita ce: mene ne hatsi ya yi cikin waɗannan shekaru?

Domin samun amsa suka yi dabara mai sauƙin ganewa. Suka shuka irin 1976 da na 2003 kafaɗa da kafaɗa cikin gona guda a tashar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, damina uku. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, noma ɗaya. Ke nan duk bambancin da ya fito ba daga sama yake ba, ba kuma daga hannun manomi ba, daga cikin ƙwayar yake. Kaka da jika ne aka zaunar tabarma ɗaya ana dubansu.

An buga sakamakon a 2011 ƙarƙashin jagorancin Yves Vigouroux. Abu na farko: manoma ba su yar da irin iyayensu ba. Manyan sunayen da aka rubuta a 1976 su ne aka sake tararwa a 2003, kuma yalwar gadon da ke cikinsu ba ta ragu ba. Masu tsammanin fari ya share irin gargajiya, ko kuwa irin gwamnati ya maye gurbinsa, ba su ga haka ba. Abu na biyu shi ne ya ba da mamaki: ko da yake sunan bai sake ba, hatsin ya sake. Na 2003 ya fi na 1976 saurin fidda kai, karansa ya fi gajarta, zangarniyarsa ma ta ɗan rage tsawo. Bambancin saurin bai kai mako ba idan aka haɗa duka aka raba, amma ya fito a fili, kuma manomi ya san darajar kwana ɗaya a ƙarshen Satumba, sa'ad da hatsi yake tsakiyar zuba ido, hadari kuwa yana haɗuwa yana watsewa.

A nan dole mu ɗan tsaya mu yi bayanin abin da ake nufi da gado. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ba su faɗi ta wace hanya gudun yake isa ga ɗan ba. A 1865 wani malamin coci mai suna Mendel, a ƙasar Cek ta yau, ya nuna da wani irin waken ƙasarsu cewa kamanni suna bin ƙa'ida, rabi daga uwa rabi daga uba. A 1953 aka gano siffar abin da yake ɗauke da wannan saƙo, wani zare mai tsananin siranta wanda yake naɗe cikin kowane ɗan ɓangare na jikin mai rai, mutum ne ko dabba ko tsiro. Da Faransanci ana kiransa ADN. Zaren kamar dogon rubutu yake, mai baƙaƙe huɗu kaɗai da ake ta jujjuyawa, kuma kowane yanki nasa yana da aikin da yake umurta: wannan launin ƙwaya, wancan tsawon kara. Kakanninmu ba su bar mana suna ga irin wannan yanki ba, saboda haka bari mu kira shi ƙwayar gado. A 2017 masana na ƙasashe da dama suka gama karanta rubutun hatsi, suka ƙidaya ƙwayoyin gado wajen 38.000 a cikinsa.

Ɗaya daga cikinsu ita ce ta shafi zancenmu. Sunanta PHYC, aikinta kuwa jin haske: tana cikin abubuwan da tsiro yake gane tsawon yini da su, har ya san lokacin yin ciki ya yi. A 2009 wani ɗan ƙasarmu, Abdoul-Aziz Saïdou, tare da abokan aikinsa, ya nuna cewa wannan ƙwaya tana da launi fiye da ɗaya cikin hatsi, kuma akwai launin da yake tafiya tare da saurin fidda kai da gajeriyar zangarniya. Da aka duba irin shekarun nan biyu, sai aka tarar launin sauri ya kusa ninka yawansa tsakanin 1976 da 2003. Masanan suka yi lissafi suka ga ƙaruwar ta wuce abin da katari kaɗai yake iya kawowa. Akwai hannun da yake zaɓe.

Hannun nan biyu ne, na fari da na manomi, kuma ga yadda suke aiki tare. Hatsi ba kamar gujiya ko wake ba ne masu auren kansu. A jikin zangarniya ɓangaren mace ne yake fara fitowa, bunni ya biyo baya, saboda haka yawanci iska ce take kawo mata bunnin wani kara, na kusa ko na gonar maƙwabci. Don haka ko cikin gona guda, ko da suna guda ake kiran irin, babu kara biyu masu gado ɗaya. Akwai mai gaggawa, akwai mai nawa. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, mai nawa yakan tsaya da rabin ido, mai gaggawa kuwa ya riga ya cika. Da kaka maigida ya zo zaɓen iri, ba ya tambayar wace ce ta riga fitowa, cikakkiya yake nema. Amma cikakkiyar ita ce ta mai gaggawa. Baɗi gonar ta ɗan ƙara sauri, ba tare da kowa ya yi niyya ba. A maimaita haka sau 27, da shekarun fari masu yawa a ciki, sai a samu abin da aka gani a Sadore.

Ba yau aka fara ba. Masu tonon kufai sun samu alamar hatsin gida mai shekara wajen 4.500 a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, kuma nazarin gado ya nuna asalinsa ciyawar daji ce ta yammacin Sahara, wadda danginta suke fitowa har yanzu a arewacin ƙasarmu. Duk tazarar da ke tsakanin waccan ciyawa da zangarniyar zango mai tsawon hannu, zaɓen manoma ne ya yi ta.

Sai dai kada murna ta yi yawa. Sauri yana da farashi. Karan da ya gaggauta bai samu kwanakin tara abinci ba, shi ya sa zangarniya ta gajarta, kuma kara gajere yana nufin ƙarancin abin darni da abin ba dabba da rani. A kudancin jihar Damagaram, inda ruwa ya fi na Tanut ko Gure, wannan ciniki ba kullum yake da riba ba: shekarar da damina ta yi tsawo, hatsi mai jinkiri shi ne yake cika rumbu, mai gaggawa kuwa ruwan ƙarshe ya same shi a tsaye ya ɓata shi. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffi ba sa yarda su saki maiwa gaba ɗaya, ko da yara suna yi musu dariya. A ganina tsofaffin sun fi gaskiya.

Abin da ya fi damuna shi ne wani wuri dabam. Duk wannan aiki na shekara da shekaru yana rataye ne ga damin nan guda da aka aje gefe. A ƙasar Dawce da sauran gundumar Kance mutane sun yi yawa, gonaki sun tsattsage wajen rabon gado, kuma gida da yawa hatsinsu ba ya kai su bazara. In yunwa ta matsa, damin iri shi ne na ƙarshe da ake kwancewa, amma ana kwance shi. Ruwan shuka ya sauka, sai a ruga kasuwa a auno tiya biyu. Hatsin kasuwa kuwa sussukakke ne: ba wanda ya ga zangarniyar da ya fito, ba wanda ya san ko daga arewa aka kawo shi ko daga kudu. Cikinsa ne shibra take samun hanya. Masana sun tabbatar da abin da manoma suka daɗe suna zato, cewa shibra tana ɗauke da jinin hatsin daji, shi ya sa take kakkaɓe ƙwayarta ƙasa tun kafin girbi. Gaskiya ne takan yi rana, domin ita ce take fara nuna a lokacin da rumbu ya zama wayam, amma gonar da shibra ta yi wa yawa ta yi hasara. Mutumin da ya ci irinsa bai yi hasarar tiya biyu kaɗai ba, ya yanke zaɓen da ubansa da kakansa suka yi wa wannan gona tata.

Wannan ba suka ba ne ga irin da ma'aikatun bincike suke fitarwa. HKP da CIVT da Zatib sun ceci gidaje a shekarun gajeriyar damina, kuma Chakti, wanda aka fitar a 2018, yana nuna da wuri, ga shi da sinadarin ƙarfe mai yawa wanda mata masu ciki da yara suke bukata domin jini. Tashar INRAN ta Tarna a Maraɗi ta daɗe tana wannan aiki. Abin lura shi ne yawancin irin nan daga na manoma aka tace su: sunan HKP ma daga Haini Kire ne, hatsin Zabarmawa. Kuma da yake hatsi ɗan auren waje ne, irin da aka karɓo yana gauraya da na maƙwabta, bayan kamar shekara uku sai an sabunta shi. Wanda ya shuka mai saurin nuna shi kaɗai cikin karkara kuma ya shirya gadin tsuntsaye. Malamin gonar da ya zo da buhun sabon iri ya ce a zubar da na gida, bai karanta binciken 2011 ba. Kamata ya yi a ba sabon gefe guda na gona, na gida ya riƙe nasa gefen.

A 2020 masanan suka ƙara taki ɗaya. Suka karanta gadon irin manoma 173 daga ƙasashen Afirka ta Yamma, suka haɗa shi cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa da lissafin yadda zafi da ruwa za su kasance wajen shekarar 2050, domin su ga inda hatsin yau zai kāsa. Lissafin ya nuna cewa ga wuraren da abin zai fi tsananta, irin da zai dace da su gobe yana nan yau a hannun wasu manoma, amma sau da yawa a nesa ƙwarai, kuma mafi yawan lokaci a ƙetaren iyakar ƙasa. Ga mutanen Dawce wannan ba baƙon zance ba ne. Iri ya daɗe yana ƙetare iyaka cikin kayan amarya da buhun ɗan ci-rani, yana bi ta Ɗan Barto da Mai'aduwa zuwa ƙasar Daura yana dawowa, ba takarda ba hatimi. Abin da lissafin ya ƙara shi ne nisan zai wuce na kasuwar mako, har ya zama sai hukumomin ƙasashe sun sa hannu kafin irin wani yanki na Mali ko Cadi ya iso gonar da take bukatarsa.

A Sadore akwai rumbun sanyi inda ICRISAT take ajiyar dubban samfurin hatsi na wannan yanki, kowane da sunansa da garin da aka karɓo shi. Ƙungiyar manoman da ta rasa wani tsohon iri tana iya neman a duba mata shi ta hannun ma'aikatar gona ta Matamaye. Sai dai wanda zai fito daga sanyi yana nan yadda aka shigar da shi, bai ga fari ko ɗaya ba tun ranar da aka rufe shi, kuma zai bukaci ƴan shekaru a gona da zaɓen kaka kafin ya saba da daminar yanzu.