Hannu Nawa Wasiƙar Fursunan Yaƙi Ke Bi Kafin Ta Iso Ƙaura?

Duk wanda ya taɓa bi ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda ya ga inda dogo ya ƙare. A 1929 layin ya iso nan daga Zariya ta Gusau. A shekarar ce kuma ƙasashe suka sa hannu a Geneva kan yarjejeniyar yadda za a riƙe fursunonin yaƙi, har da batun wasiƙunsu. Shekara goma bayan haka yaƙin Hitila ya ɓarke, aka kwashi samarin Arewa soja, da yawansu zuwa Bama cikin runduna ta 81 da ta 82.

To, a ce an kama ɗan Zurmi ko ɗan Shinkafi, ta yaya iyayensa za su ji yana raye?

A takarda dai abin da sauƙi. Cikin mako guda da isarsa sansani a ba shi kati ya sanar da gida, kuma ba ya biyan kuɗin kan sarki. Amma ƙasashen da ke yaƙi ba sa musayar jakar wasiƙu kai tsaye, sai an sami ɗan tsakiya. Tsakanin Ingila da Jamus, Suwizalan da Lisbon ta Fotugal ne mashiga, Red Cross kuma tana ajiye katin sunayen fursunoni a Geneva. Tun a sansani Bajamushe ya karanta ya buga hatimin "Geprüft", wato an duba. A Ingila wani ya sake buɗewa, ya liƙe da takarda mai lambarsa. Sunan gari, yawan sojoji, ko kukan yunwa, sai a shafe da baƙin tawada ko a yanke da reza. Wani lokaci uwa ta karɓi takarda duk huji.

Na Japan ya fi muni, kuma su ne mutanenmu suka fuskanta a Bama. Japan ta sa hannu a yarjejeniyar amma ba ta tabbatar da ita ba. A sansanoni da yawa katin ma an riga an buga jimlolinsa, irin su ina lafiya, ina aiki, kai dai ka soke wadda ba ta dace ba. Masu rubutowa daga gida kuma aka ƙayyade musu kalma 25. Kalma 25 fa! Gaisuwar Bahaushe kaɗai ta cinye su kafin a zo kan wa ya haihu, wa ya rasu. Wasu jakunkunan ta Tarayyar Sobiyat suke bi, a jirgin ƙasa ta Saiberiya, kuma wasiƙa kan shekara a hanya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne harshe. Yarjejeniyar ta ce fursuna ya rubuta da harshen uwarsa. Madalla. Amma yaron da ya taso a makarantar allo ajami ya iya, kuma mai tace wasiƙa ba ya sakin abin da bai iya karantawa ba. Wa zai karanta masa Hausar ajami? Sai dai yaron ya nemi wani ya rubuta masa da Turanci.

Maƙwabtanmu na Nijar nasu daban ne. Sojojin Afirka ta Yamma da Jamus ta kama a 1940, a cikin Faransa ta tsare mafi yawansu, don ba ta son baƙar fata a ƙasarta. Senghor na Senegal yana cikinsu. Hanyar gida ta Marseille ce zuwa Dakar, har Nuwamba 1942 da ita ma ta yanke.

Mu kuwa, in wasiƙa ta tsira daga wannan duka, jirgin ruwa ya sauke ta Ikko, jirgin ƙasa ya kawo ta Ƙaura. Daga nan sai ƙafar masinja zuwa gidan hakimi, a nemo malamin da zai karanta wa tsohuwa, mutum na ƙarshe ke nan da zai ji sirrin kafin ita.

In akwai tsohon sojan Bama a zuriyarku, ku leƙa akwatin ƙarfensa lokacin hutu, don wasiƙar soja ko ba fursuna ba sai hafsa ya tace ta. Kar ku yar da ambulan. Ku gwada kwanan wata na hatimin farko da na ƙarshe, za ku ga wata nawa aka yi ana jira a gidanku.