Gidan Gado da Gyaran da Ba Ya Ƙarewa

Duk wanda ya bi lungunan cikin birnin Kano, ko Zariya, ko Katsina a ƙarshen watan Agusta, zai ga abin da damina ta yi wa tsofaffin gidaje. Nan katanga ta zube ta tare hanya, can an tokare bangon zaure da gungumen itace, gaba kaɗan an shimfiɗa leda a kan soro an danne ta da duwatsu da tsofaffin tayoyi. In ka jajanta wa mutanen gidan, amsarsu kusan ɗaya ce: "Wallahi bara ma sai da muka gyara." Gaskiya kuwa suka faɗa. Sun gyara bara, sun gyara bara waccan, kuma kuɗin da gyaran yake ci kowace shekara ya fi na wadda ta gabace ta.

Akwai masu cewa laifin ginin ƙasa ne, zamaninsa ya wuce. Ni ban ga haka ba. Magabata sun san ƙasa da ruwa ba sa shiri, shi ya sa ba su taɓa ɗaukar gini aikin da ake gamawa a wanke hannu ba. Sun haɗa shi da wani tsari na kulawa mai sauƙin kuɗi, wanda ake maimaitawa duk shekara. Wannan tsarin ne ya wargaje. Gidajen suna nan suna neman haƙƙinsu, amma daga hannun jikokin da yanzu sai sun sayi kusan duk abin da kakanninsu suke samu kyauta.

Magini na gargajiya yakan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, wani lokaci da kashin doki ko na jaki, a bar ta kwanaki tana tsimuwa ana juya ta. Daga nan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, rana ta busar da shi, a jera shi ana cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri sosai daga ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa, don ya ɗauki nauyin kansa da na soro. Rufi kuwa azara ce, tsagin itacen giginya, wadda gara ba ta ci da sauƙi. A kanta ake shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, sannan a shafe da abin da zai hana ruwa ratsawa. Masu hali sukan sa laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara. Bangon waje a yi masa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Ruwan da ya sauka a soro, indararo ne yake jefa shi nesa da gindin bango.

Da bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa, maigida zai hau soro ya duba. A tuge ciyawar da ta tsiro, a buɗe indararon da ya toshe, a cike tsagar da zafin rana ya buɗe, a sake yaɓe bangon gabas, domin a ƙasar Hausa daga gabas ruwa mai iska yake zuwa, kuma wannan bangon ne yake shan duka. Ƙasa tana nan a kududdufin unguwa, wanda dama daga cikinsa aka haƙo ta lokacin da aka gina gidan. Jakuna su ɗauko, samarin gida su kwaɓa, maƙwabta su taya, a dama fura, a raba goro. Mata su yi daɓen ɗakuna da tsakar gida. Magini kaɗai ake biya, shi ma sau da yawa ɗan unguwa ne da ya gaji aikin gidan daga mahaifinsa, ya san inda kowace azara ta kwanta.

Yau ina kududdufin? A manyan biranenmu an cike da yawa daga cikinsu da shara, an yanka filaye, an yi gini a kai. Wannan asara biyu ce a lokaci guda. Ƙasar yaɓe sai an saye ta a tifa daga bayan gari, farashinta yana bin farashin man dizal, kuma da yake tifa ba ta shiga lungu, sai an biya masu baro su ƙarasa da ita ƙofar gida. Ta biyun ta fi muni. Kududdufi ne yake shanye ruwan saman unguwa gaba ɗaya. Da aka rufe shi, ruwan ya rasa wurin zuwa, sai ya kwanta a lungu. Ga kwatoci sun toshe da ledar ruwan sha. Ga titi, duk lokacin da aka sake shimfiɗa shi sai ya ƙara tudu, har ka ga tsohon gida zaurensa ya koma ƙasa da hanya, sai an sauka ake shiga. Bangon ƙasa yana iya jure ruwan da ya doke shi ya wuce, amma ba ya jure wanda ya kwanta a gindinsa. Danshi yana hawa a hankali, yana ɗauke da gishirin ƙasa, gindin bangon yana zagwanyewa, har wata rana nauyin da ke sama ya fi ƙarfin abin da ya rage a ƙasa.

Daga cikin gida ma ruwan yana cin bango. An gina waɗannan gidaje ne lokacin da ake jan ruwa da guga daga rijiya, ana tattalinsa. Yanzu an ja famfo, an huda bango an cusa bututu, an yi banɗaki a jikin ɗaki, an haƙa shadda dab da katanga, mutanen gidan kuma sun ninka. Bututu ɗaya mai ɗigo a cikin bangon ƙasa ya isa ya kayar da ɗaki.

Sauran kayan aikin su ma sun yi wuya. Giginya tana shekaru masu yawa kafin ta isa a tsaga, an sare ta kusa da garuruwa ba a dasa wata ba, don haka azara daga nesa take zuwa da tsada, ko kuma a maye gurbinta da katakon da gara za ta cinye cikin 'yan shekaru. Marina ta ragu, in ban da irin ta Ƙofar Mata a Kano da 'yan kaɗan, to katsi daga ina? Sarautar Sarkin Magina tana nan a masarautu, amma 'ya'yan maginan da yawa sun koma bulo da siminti, domin nan kuɗi yake.

Shi kuwa siminti, a nan ne masu tsofaffin gidaje suka fi zubar da kuɗi ba tare da biyan bukata ba. Mutum ya gaji da yaɓe duk shekara, sai ya ce bari ya yi filasta sau ɗaya ya huta. Matsalar ita ce siminti ba ya kama ƙasa da gaske. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina ya fitar da shi da rani, yana ɗan kumbura yana ɗan tsukewa. Siminti ba ya motsi tare da shi, sai ya yi 'yan siraran tsagogi. Ruwa ya shiga ta nan, ya maƙale a bayan filasta, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango fes, har da fenti, daga ciki kuwa yana ruɓewa. In ka ƙwanƙwasa za ka ji yana amo kamar ganga. Ran da filastar za ta ɓare, ba ita kaɗai take faɗowa ba, da fuskar bangon take tahowa, har da ƙusoshi da ragar wayar da aka kafa don su riƙe ta. Haka nan masu zuba kankare a kan soro, suna ƙara wa tsohuwar azara nauyin da ba a yi ta dominsa ba. Rufin kwano a kan soro ya fi wannan amfani, da sharaɗin a fito da bakinsa sosai, in ba haka ba ruwan da indararo yake jefawa nesa yanzu a gindin bango zai riƙa zuba.

Duk wannan kuma a lokacin da kayan gini suka yi tashin gwauron zabi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, dalar da gwamnati take sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Buhun siminti da bai wuce naira 5,000 ba a farkon 2023 ya haura 10,000 a wurare da yawa a watan Fabrairun 2024, duk da cewa a gida ake yin sa, a Obajana da Sakkwato da Ashaka. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. A wancan farashin, albashin wata guda bai wuce buhu bakwai ba, ba yashi, ba kuɗin birkila, ba na lebura. Kwano da rodi da ƙusa da waya duk sun bi dala.

Masu gidajen bulo na shekarun 1970 da 1980 su ma ba su tsira ba. Kwanonsu ya yi tsatsa, bututun ƙarfe ya cinye, wayar wuta ta tsufa ga kayan lantarki sun ƙaru, rufin kankare yana yoyo. Silin ɗin asbestos da aka yi yayinsa a lokacin kuwa, ƙurarsa tana illa ga huhu in ana fasa shi, don haka cire shi ma aiki ne mai bukatar hattara.

Amma abin da ya fi damuna ba farashin siminti ba ne. Mafi yawan gidajen nan gidajen gado ne da ba a raba ba. Maigida ya rasu ya bar mata da 'ya'ya, aka ce a bar gidan yadda yake don kada zumunci ya watse. Niyya ce mai kyau. Bayan shekaru, wasu daga cikin 'ya'yan su ma sun rasu, kasonsu ya koma kan nasu 'ya'yan, masu haƙƙi a gidan sun zama gommai. Waɗanda Allah ya buɗa wa sun yi gini a sababbin unguwanni ko sun koma Abuja. Waɗanda suka rage a ciki su ne tsofaffi da zawarawa da marayu da ƙannen da ba su da ƙarfi. Sai a buga waya: "Yaya, bangon ɗakin Hajiya ya tsage." Shi kuma ya ce, "To, a nemo magini ya yi lissafi, zan yi magana da su Baffa." Lissafi ya zo, maganar ta tsaya. Mai kuɗin yana tunanin don me zai zuba dukiyarsa a gidan da kasonsa bai fi ɗaki ɗaya ba. Na cikin gidan yana ganin ba nasa ne shi kaɗai ba. Babu wanda ya yi mugunta, amma babu maigida. A da mutum ɗaya ne yake cewa gobe za a yi yaɓe, kowa ya fito. Tsagar da magini zai cike a wuni guda a watan Afrilu, in aka bar ta damina biyu ta zama rushewa da sabon gini, kuma daga nan ne kuɗin yake ninkawa fiye da duk abin da kasuwa ta ƙara.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu a nan ba. Ta fayyace kason kowa, kuma a mazhabar Malikiyya wanda yake tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato shi ya fi cancanta ya sayi kason ɗan'uwansa kafin bare. Ke nan ana iya yi wa gida kuɗi, mai ƙarfi a cikin magada ya sayi kason sauran, gida ya zauna a dangi kuma ya sami mai shi. In an fi son a bar shi na kowa, to a naɗa mutum ɗaya, a rubuta, a ajiye asusun da kowa zai riƙa zubawa gwargwadon kasonsa, a kashe shi kafin ruwan farko. Kuma a fara da ruwa: indararo, magudana, bututu mai ɗigo, gindin bango. Fenti da tayil su jira.

Abin bai tsaya a kan dukiya ba, ya kai ga rayuka. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, wani sashe na Babban Masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya rufta kan masallata ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. A watan Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birnin Zinder. Waɗannan an ji labarinsu domin sanannu ne. Ɗakunan da suke faɗa wa yara cikin dare a lunguna kowace damina, sai maƙwabta da masu zuwa ta'aziyya. A Agadas kuwa hasumiyar masallaci mai tsawon mita 27, ita ma ta ƙasa, tana tsaye, har hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Itatuwan da suka fito daga jikinta su ne matakan da magina suke hawa su sake yaɓe ta, kuma ba a daina hawan ba.

Maginan da suka san haɗa laso da rufin ɗaurin guga sun manyanta. Masarautu da gwamnatocin jihohi suna da gine-ginen da dole a riƙa gyarawa, irin su Gidan Makama a Kano da hasumiyar Gobarau a Katsina. Da za a ɗauki tsofaffin maginan nan aiki na dindindin a irin waɗannan wurare, a haɗa kowanne da almajirai, a jawo sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello ya rubuta abin da suka sani, da mai gida a Yakasai ko Ƙoƙi a Kano zai sami wanda zai kira ya yi masa yaɓe da ƙasa, maimakon birkilan da filasta kaɗai ya iya.